Wa ya taɓa ɗaukar lauya wajen sayen fili ko gida a Kaduna?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An nuna min fuloti a Rigachikun, dillali sai matsa min yake in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a. Takardar mai unguwa kaɗai na gani a hannun mai filin. Shekara 6 ina tara kuɗin nan. Don Allah wanda ya taɓa bi ta hannun lauya ya faɗa min yadda aka yi.

Hajiya ta Kinkinau:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka ba da ko sisi tukuna. Ni gida na saya a hannun babban ɗan wani marigayi, ga shaidu uku, ga sa hannun mai unguwa. Na yi fenti, na canza ƙofar gida, har na dasa lemo a tsakar gida, sai ga sammaci. Ashe ba a raba gado ba, ƙannensa mata biyu ba su ma san an sayar ba. Sai a lokacin na nemi lauya. Tambayarsa ta farko ita ce ina takardar rabon gado daga kotu. Na rasa bakin magana. Shekara 2 muna zarya, daga ƙarshe aka yi sulhu na ƙara kuɗi aka ba su rabonsu. Haƙƙinsu ne, ban ga laifinsu ba, amma har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Malamin makaranta, Unguwar Dosa:
Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Ni Allah ya tsare ni ta dalilin lauya. Mai gidan ya nuna min kwafin C of O, wato takardar shaidar mallaka da gwamnati ke bayarwa, na ce ai magana ta ƙare. Lauyan ya ce sai ya ga ta asali, kuma sai ya yi bincike a KADGIS, inda fayil-fayil ɗin filayen jihar suke. Binciken ya nuna an jinginar da gidan a banki, ta asalin ma tana can. Shi ya fahimtar da ni cewa tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen jiha suna hannun gwamna ne amana, saboda haka ko an rubuta yarjejeniyar ciniki, sai an samu amincewar gwamna an yi rajista kafin gida ya koma sunanka a hukumance. Takardar mai unguwa shaida ce, amma ba ta kai nan ba.

Dillali daga Rigasa:
Ba duka muka taru muka zama ɗaya ba, Malam. Ni da kaina nake cewa mai saye ya zo da lauyansa. Nasa fa, ba na mai sayarwa ba. Kuma ku yi cinikin kuɗin aikinsa tun farko, yadda ake yanke la'ada.

Wata 'yar'uwa a Mando:
Ni sayarwa na yi. Mai saye ya ba da rabi, ya ce in miƙa masa takardu. Lauyata ta hana, ta rubuta ranar cikon kuɗi, kuma a biya ta banki. Ya yi jinkirin wata 3, amma takarduna suna hannuna har ya cika.

Ɗan Kawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, na tambaya, filin ma na gado ne, su biyar ne magadan. Na ce wa dillali ya dakata. Litinin lauya zai zauna da su duka, daga nan mu je da safiyo a auna filin.