Firemin ɗin gidan katako: wace kalma za mu sa masa?

Jama'a, ku zo mu yi shawara. Ƙanina da ke Amurka ya turo bidiyon gidan da ake ginawa a layinsu. Babu bulo ko ɗaya. An zuba kankare a ƙasa, sai kafintoci suka jera katakai a kwance, suka buga ƙusoshi, suka taru suka ɗaga bango guda cak kamar mai ɗaga tabarma. Ya ce wannan mataki sunansa "framing". Na nuna wa Baba, ya gyara tabarau ya ce, "To wannan me suke yi?" Wallahi na rasa kalmar da zan ba shi.

Don mu san abin da muke raɗa wa suna: katakon da aka fi amfani da shi shi ne tubaifo, wato mai inci 2 da 4, kodayake bayan an busar an goge, inci 1.5 ne da 3.5. Ana tsayar da su a jere, tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan inci 16. Akwai dalili. Falankin da ake lulluɓe bangon da shi ƙafa 4 ne da 8, wato faɗinsa inci 48, don haka bakinsa kullum a kan katako yake faɗawa, ƙusa ta samu wurin kamawa. Asalin salon gini da siraran katakai da ƙusa ya bazu ne daga wajajen Shikago a shekarun 1830, lokacin da ƙusar inji ta yi araha. Wannan jeren katakan ne ke ɗauke da nauyin gidan duka, har da bene.

Tun jiya da na fara tambayar mutane wace kalmar Hausa za mu sa masa, shawarwari uku suka fi yawa. Wasu sun ce a bar shi firam. Matsalar ita ce in ka shiga kasuwar Panteka a nan Kaduna ka ce kana son firam, na ƙofa ko na taga za a nuna maka, wani ma ya tambaye ka girman hoton. Kalmar tana da aikinta.

Wani ɗan'uwa ya ce kafi, tunda kafa katakan ake yi. Malam, ka je ka ce wa surukinka yau za a yi wa gidanka kafi, ka ga ko ba zai tambaye ka wane malami ka ɗauko ba.

Ƙwarangwal ta fi su samun magoya baya, kuma ban ga laifinsu ba. Ka kalli gidan kafin a rufe shi, haƙarƙari ne zalla. Amma ni ban iya cewa ango ya gama ƙwarangwal ɗin gidan amarya ba. Akwai warin kushewa a jikinta.

Da la'asar na bi ta wurin wani dattijon kafinta a Tudun Wada, wanda ya yi mana rufin gida. Na same shi da fensir a bayan kunne, yana shafa wa rafta baƙin mai saboda gara. Ya karɓi wayar da bayan hannu, ya kalla har sau biyu, ya ce, "Ɗana, ai wannan tsaiko ne, sai dai nasu ya sauko har ƙasa." Ya tuna mini yadda ake yi a ƙauye: a haɗa kara ko gwangwala a ƙasa, a bi da tanka zagaye-zagaye, a ɗaure tam, sannan maza su taru su ɗaga a ɗora kan ɗaki kafin a baibaye da ciyawa. A ƙasa ake haɗawa, taron dangi ake yi a ɗaga, shi ke ɗaukar abin da za a lulluɓa masa. Abin da na gani a bidiyon ke nan ba ragi.

Na san abin da za ku ce, don an riga an faɗa mini: a Hausar rediyo tsaiko jinkiri ne. Ka ce gini ya kai tsaiko, a ɗauka kuɗi ne suka ƙare. Gaskiya ne, kuma a garin nan ma'anar da ta fi yawa ke nan, ku duba kangwaye a hanyar Rigasa. Sai dai aikatau na raba gardama. Jinkiri samunsa ake yi, wannan kuwa ɗaura shi ake yi. Ba wanda zai ji "sun ɗaura tsaikon katako" ya zaci aiki ya tsaya.

Ni dai nan na tsaya: tsaikon katako ga abin da kansa, ɗaurin tsaiko ga aikin, mai yin sa kuma kafintan tsaiko. Na gwada wa Baba da daddare, na ce tsaikon gida ne suke ɗaurawa, bango da rufi duka. Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini wayar, ya ce in tambayi yaron ko can ba su da gara.