Wuƙar aljihu ta farko ga mai ƙaramin ƙarfi

A majalisarmu ta Gusau an tattauna kan wuƙa mai naɗewa da mutum zai fara saya da kuɗi kaɗan. Galibi sun tsaya kan Opinel lamba 8, ƙirar Faransa, mai ƙotar itace da zoben da ke kulle bakin kada ya naɗe a kan yatsa. Wasu sun kawo Okapi ta Afirka ta Kudu saboda arha.

An fi daɗewa kan irin ƙarfen bakin wuƙar: baƙin ƙarfe ko wanda ba ya tsatsa. Baƙin ƙarfe yana saurin ɗaukar kaifi, amma da damina yakan yi tsatsa in ba a shafa masa mai ba. Duk da haka ni shi na fi so. Dattawa suka ce a buɗe wuƙar a rufe kafin a biya, in bakin yana rawa a bar ta.