Neman shawara: ƙafar bayan kekena ta gaji, abin da ke hannuna jika 40

Ɗalibi daga Bukoki:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san keke. Nawa fiksi ne, irin wanda feda ba ta tsayawa muddin ƙafar baya na juyawa. Na hannu na saya, kuma shi ne ƙafata a nan Yamai, daga Bukoki zuwa jami'ar Abdou Moumouni, ta gadar Kennedy, safe da yamma. Kwanakin baya na faɗa wani rami da dare, janti na baya, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai, ya lotsa dab da bakin hura iska. Mai gyara ya buga ya miƙe shi, amma tun daga nan wayoyin ƙafar ke tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙafar na kaɗawa har tana gogar birki. Ta gaba a miƙe take, sai dai tana ɗan gurnani idan na ɗaga ta na juya.

Jika 40 na sefa na tara. Na ga wasu sababbin ƙafafu biyu a wani shago, masu janti mai zurfi, jajaye, gwanin kyau, wayoyinsu ba yawa, kuɗinsu ya ɗan haura abin da nake da shi amma zan iya cikawa. Wani abokina kuma ya ce in nemi tsohuwar ƙafar keken tsere a kayan gwanjo in ɗaura mata pinyo, wato ƙaramin haƙorin baya da sarƙa ke hawa, ta fi araha nesa ba kusa ba. Wanne zan bi? Ba na son in zuba kuɗin nan wata biyu in dawo gidan jiya.

Baba mai gyaran keke, Katako:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a yi maganar saye, je ka duƙa gaban kekenka. A gefen taya akwai lamba biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 25-622 ko 28-622. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu ita ce girman janti a milimita, kuma ita nake son ka kawo mini. Kada ka yarda da "ai inci 28 ne" daga bakin mai shago. Janti 622 shi ne 700C na kekunan tsere. Akwai 630 na tsofaffin kekuna masu inci 27, akwai kuma 635 na manyan baƙaƙen kekunan nan irin su Phoenix da ƴan garuwa da masu ɗaukar buhu ke hawa. A ido duk kamar ɗaya suke, amma tayar wannan ba ta zama a kan wancan, ko ka yi ta fama da ita har la'asar.

Sai ka kwance ƙafar baya ka sa ma'auni tsakanin bakunan nan biyu da take shiga. Keken da aka ƙera shi fiksi tun asali milimita 120 ne. Idan tsohon keken tsere ne aka juya, za ka ga 126 ko 130. Na gaba kusan kullum 100 ne, babu damuwa a can. Ka ƙirga mini ramukan wayoyi a jikin cibiya, wato tsakiyar ƙafar inda wayoyi ke haɗuwa, ka kuma dubi zaren da pinyo ke hawa ko ya cinye. Ka dawo da amsa, mu ci gaba.

Ɗan acaɓan Lazare:
Ni dai ina bayan abokinka. Ƙafafun tsere na gwanjo daga Turai suke zuwa, ƙarfensu mai kyau ne. Ka cire abin giya na baya, ka murɗa pinyo a zaren, ka shafa gam mai ƙarfi, ka ɗora zobe a kai. Na ga yara na yin haka kuma suna hawa. Sauran kuɗin ka sa a aljihu.

Injiniya daga Yantala:
Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, wannan shawarar ba zan iya yin shiru a kanta ba, don ran yaron nan ne a kai.

Cibiyar fiksi ta gaskiya zare biyu gare ta a gefe guda, kamar matakala. Na ciki ya fi faɗi, shi pinyo ke hawa, ana ɗaure shi zuwa dama kamar kowane noti. Na waje ya ɗan fi ƙanƙanta, kuma a juye yake: zoben kulle da ke hawansa zuwa hagu ake ɗaure shi. Ba don ado aka yi haka ba. Duk lokacin da mai fiksi ya danne feda baya don ya rage gudu, sarƙa na jan pinyo ne ta hanyar kwancewa. Da ya fara motsi sai ya goga zoben, shi kuma zoben da yake zarensa a juye ne sai ya ƙara matsewa. Ƙarfin da ke neman kwance ɗaya shi ne ke ɗaure ɗayan.

Cibiyar tsohon keken giya zare ɗaya kawai gare ta. Pinyo da zoben da ka ɗora duk hanya ɗaya suke kwancewa, babu abin da ke riƙe su sai gam. Zai riƙe yau, ya riƙe gobe, rannan yaro na gangarowa gada, motar fabafaba ta tsaya gabansa cak don ɗaukar fasinja, ya danne feda da dukan nauyinsa, ya ji ƙafafunsa sun tafi a iska. Waɗanda ka gani suna hawa lafiya, ranar ce ba ta zo ba, Allah ya kiyaye su. Ga kuma wata matsala: an ja wayoyin irin wannan ƙafa gefe guda don a bar wa giya wuri, saboda haka pinyo ba zai daidaita da babban haƙorin gaba ba. A fiksi layin sarƙa na zama wajen milimita 42 daga tsakiyar keke, gaba da baya iri ɗaya. Idan ya karkace sarƙa na iya zamewa, kuma sarƙar fiksi in ta faɗi cikin gudu tana iya naɗewa ta kulle ƙafa.

Idan ya samu ƙafar gwanjo mai kyau, ta gaba zai saya, ko ya saye ta don jantinta kaɗai. Ta baya kam a'a.

Ɗan acaɓan Lazare:
To, ban san da maganar zare a juye ba. Na gode, Injiniya.

Malamin makaranta daga Tawa:
Ƙanena, ni ma irin wanga keke nake hawa nan Tawa, kuma abin da zan faɗa maka kan jajayen ƙafafun nan ne. Na san yadda suke ɗaukar ido. Amma janti mai zurfi an yi shi ne don yanka iska a filin tsere mai santsi, kuma masu arahar cikinsu nauyi ne da su ba kaɗan ba. Kai kuwa tafiyarka tsayawa ce da tashi, daga wannan danja zuwa waccan, duk tashi sai ka ji nauyin a cinyarka. Sannan robar ciki da za ta shiga janti mai zurfi dole bakinta ya yi tsawo, milimita 60 ko fiye, kuma siririn baki ne. Ka yi faci a Harobanda, can hayin kogi wajen jami'a, da magariba ka ce za ka nemi irinta, sai dai ka turo keke har gida.

Wayoyi kaɗan ma ba namu ba ne. Ƙafa mai waya 20 ko 24, ɗaya ta tsinke, nan take ta murguɗe ta ƙi wucewa. Mai 32 ko 36 ko ɗaya ta tafi za ka lallaɓa ka isa, kuma kowane mai gyara a bakin hanya zai iya sa maka wata. Ga hanyoyinmu na pabe da jar ƙasa da bakin kwalta da ruwa ya zaizaye, yawan waya shi ne rufin asiri.

Ka kuma bar wa taya wani abu cikin kuɗin nan. In gangar kekenka ta ba da wuri, ka sa mai faɗin milimita 28 ko ma 32 maimakon siririya mai 23. Ba ta nutsewa cikin yashi da sauri, kuma ita ke shanye dukan rami kafin ya kai ga janti. Mu nan tsidau ke ba mu wahala, ƙayarsa na shiga siririyar taya kamar ba komai.

Ma'aikaciya daga Plato:
Ƙarin abu ɗaya, ƙanena. Jantin da aka yi wa fenti har gefe, ba a bar wa robar birki wurin kamawa ba, an yi shi ne don masu hawa babu birki. Da ruwa ya taɓa shi birki zamewa yake. Ka nemi wanda gefensa farin alminiyam ne a goge. Kuma don Allah ko me abokai za su ce maka, kada ka cire birkin gaba a cikin Yamai, tsakanin babura da amalanke da awaki. Ni cibiyata mai fuska biyu ce, gefe guda fiksi, ɗayan kuma na sa abin da ke barin feda ta huta. Ranar da na gaji sai in juya ƙafar. Amma wannan sai da birki gaba da baya.

Ɗalibi daga Bukoki:
Allah ya saka muku da alheri. Baba, na auna. A taya an rubuta 25-622. Tsakanin bakunan baya 120 ne cif. Ramuka 32 ne. An rubuta Formula a jikin cibiyar, zare biyu ne kamar yadda Injiniya ya kwatanta, kuma duka biyun ƙalau suke, na goge da tsumma na duba. Da na riƙe ƙarfen tsakiya na juya, sumul yake tafiya, ba ya girgiza.

Baba mai gyaran keke, Katako:
Alhamdu lillahi. To ɗana, abin da ya fi wuyar samu a garin nan yana hannunka ka ce za ka jefar. Janti 622 ana samu, waya ana samu, amma cibiyar fiksi mai zare biyu sai ka zagaya kasuwa ka gaji, balle tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke bin hanyar Kwatano suka yi wuya. Kada ka sayi ƙafa ko ɗaya. Janti za ka saya, mai rami 32, a ɗinke maka a kan cibiyarka. Layin sarƙarka ma ba zai canza ba.

Jantin ya zama mai bango biyu. Yadda za ka gane: ka leƙa ramin waya ta inda taya ke zama, za ka ga rami babba a sama, da wani ƙarami can ƙasa, da fili a tsakaninsu. Mai bango ɗaya rami guda ne, kan notin waya na zaune a fili. Shi ne ke lotsewa da wuri. Idan na gwanjo ne, irin su Mavic, ka kwantar da shi a kan siminti mai sumul ka ga ko ya kwanta ko'ina, ka shafa gefensa da yatsa ko birki ya cinye shi ya yi kwari, ka kuma duba bakin kowane rami ko akwai tsaga siririya. In ka ga tsaga ko ɗaya, ajiye musu.

Wayoyi kuma duka za a sake, kada a ce maka a haɗa da tsofaffi. Tunda sun fara tsinkewa a gwiwa, inda suka lanƙwasa a bakin cibiya, sauran ma sun gaji, layi kawai suke jira. Janti da ya lotsa, sai an matse wasu wayoyi fiye da kima an saki wasu kafin ya miƙe, kuma masu sakin nan su ne ke ta motsi har su karye. Ka nemi waɗanda ba sa tsatsa, kaurin milimita 2. Ka tafi da cibiya da sabon janti wurin mai gyara ya auna tsawon da kansa, don tsawon waya na bin zurfin janti. A ɗinka kowace ta ƙetare uku.

Kuma ka zauna a wurin ana yi. Ba miƙewa kaɗai ake nema ba, ana iya miƙe ƙafa da wayoyi sako-sako. In ya gama, ka kaɗa kowace waya da farce, sautinsu ya zo kusa da juna. Ya kama su bibbiyu ya matse da hannu da ƙarfi, ya zagaye ƙafar duka, sannan ya sake miƙewa. Wanda ya tsallake wannan, kana hawa za ka ji ƙas-ƙas-ƙas, kafin ka kai gada ta fara kaɗawa. Kada a manta da kyallen da ke rufe ramuka a ciki, bakin ramin janti mai bango biyu yana yanka robar ciki.

Ta gaba ba ta mutu ba, ƙura ce ta harmatan ta shanye mata mai. A buɗe cibiyarta, a wanke da kananzir. In mai ƴan ƙwallaye ce a zuba sababbi da giris, yawanci goma-goma ne kowane gefe, kuɗinsu bai kai na abincin rana ba. In kuma rufaffen rulma ne, wato ƙwallayen a kulle suke cikin zobe guda, lambarsa na rubuce a jiki, masu kayan babur da na injin ban ruwa na sayarwa.

Injiniya daga Yantala:
Baba ya gama magana. Tunda za a cire pinyo, ka ƙirga haƙoransa da na gaba. Idan 48 ne a gaba, 16 a pinyo, duk sanda ka kulle feda ka ja taya a ƙasa wuri ɗaya tak take gogewa, don 16 ta shiga 48 sau uku daidai. Ka mayar da shi 17, gogewar za ta bazu wuri 17, taya ta daɗe, hawan tudu ma ya yi maka sauƙi kaɗan. Ka dai tabbata kaurinsa ya dace da sarƙarka: sarƙa mai kauri ta 1/8 tana hawa siririn pinyo, amma siririya ta 3/32 ba ta hawa mai kauri.

Ɗalibi daga Bukoki:
46 da 16 ne nawa, yaya. Baba, in an ɗaura pinyo shi ke nan, ko akwai abin da zan sake dubawa?

Injiniya daga Yantala:
46 da 16 wuri 8 ke nan, ya isa, bar shi yadda yake ka sa kuɗin a taya.

Baba mai gyaran keke, Katako:
Akwai, ɗana. A shafa giris a zaren kafin a ɗaura. Bayan an ɗaure pinyo da zobe, ka hau ka taka da ƙarfi a wani tudu, da birki kaɗai za ka tsaya, kada ka danne feda baya ko kaɗan. Takun zai ƙara matse pinyo, zoben ya ɗan saki, sai ka koma a sake ɗaure shi zuwa hagu. Notocin ƙafa da sifana mai lamba 15 ake ɗaure su, ka riƙa yawo da ita a jaka. Bayan mako guda ko biyu ka mayar wa wanda ya ɗinka ya sake taɓa wayoyin, ka kuma faɗa masa haka tun wurin ciniki don ya shiga cikin kuɗin aiki.