Database ɗin makarantarmu ya ce ba ni da izinin gyara fom, yaya zan cire tsaron?

Ɗan Farin Gada:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana Microsoft Access, manhajar haɗa database, a taimaka. A makarantar da nake aiki nan Jos muna da wani database da muke ajiye sunayen ɗalibai da kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa, fayil ɗin mdb ne tun zamanin Access 2003. Wanda ya haɗa shi ya sa masa tsaro irin na kowa da sunansa da fasuwod, to ya bar aiki ya koma Abuja, yanzu hedimasta yana so a ƙara gurbin lambar wayar iyaye a fom ɗin rajista, da na danna Design sai ya ce ba ni da izini. Na leƙa Change Owner na ga yawancin teburan an rubuta Unknown a wajen mai su. Mu uku ne kawai muke taɓa kwamfutar, tsaron nan ba ya mana amfanin komai. Yaya zan cire shi bayanan ba su salwanta ba?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ka mayar da shi accdb, wato sabon tsarin fayil na Access, kawai malam, tun daga Access 2007 sabon tsarin ba ya ɗaukar irin wannan tsaron, da ka juya shi ya tafi.

Injiniyan Wuse:
Baban Khalifa gaskiya ka faɗa amma da sauran magana, wanda aka hana buɗe Design shi za a bari ya juya fayil ɗin? Sai ya shiga a matsayin mai iko tukuna.

Malam, abin da ya kamata ka gane shi ne tsaron kashi biyu ne. Izinin yana cikin mdb ɗin, amma sunayen mutane da fasuwod ɗinsu suna cikin wani fayil daban mai ƙarewa da mdw. Unknown ɗin da ka gani ma'anarsa mdw ɗin da ka shiga da shi bai san mai teburan ba, ko dai ba shi ne na asali ba ko an goge sunan mutumin daga ciki. Ka duba shortcut ɗin da kuke dannawa kullum, ka buɗe Properties, a layin Target in ka ga /wrkgrp to abin da ya biyo baya shi ne inda mdw ɗin yake. Kuma kada ka ce za ka ƙirƙiri sabon suna irin nasa ka wuce, ba zai yi ba sai da PID, wato lambar shaidar da ya sa lokacin ƙirƙirar sunan tun farko, harafi da harafi.

Kafin komai ka kwafe fayilolin biyu a filashi. Sai ka shiga da wani suna da yake rukunin Admins, ka ba rukunin Users cikakken izini a kan komai, database ɗin kansa da tebura da query da fom da report da macro, kada ka tsallake ko ɗaya. Ka rufe, ka buɗe Access kai tsaye ba ta shortcut ɗin ba don ya ɗauki System.mdw na asali wanda ba ya tambayar fasuwod, ka ƙirƙiri sabon database babu komai a ciki ka shigo da duk kayan ta Import. A Access duk wanda ya ƙirƙiri abu shi ne mai shi, don haka Admin, sunan da Access yake shigar da mutum da shi in bai tambayi fasuwod ba, ya zama mai komai, shi kuwa Admin da rukunin Users iri ɗaya ne a kowace kwamfuta. Wannan ya fi bin Change Owner ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Farin Gada:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Na ga mdw ɗin a wata folda, kuma ashe sunan da akanta yake shiga da shi yana cikin Admins. Na shigo da komai, fom ya buɗe. Sai dai yanzu ba ya hawa shafin farko da kansa, kuma risit yana fitowa da Admin a wajen sunan wanda ya karɓi kuɗi.

Hajiyar Rikkos:
Shafin farkon ba matsala ba ce, saitin Startup ba ya biyo Import, ka koma ka zaɓi fom ɗin da hannu. Ina fata dai ka danna Options ka duba Relationships, wato alaƙar da ke tsakanin tebura, na da alama lokacin shigowa, in babu ka sake tun yau kafin a fara zuba sabbin bayanai.

Maganar risit kuwa ita ce abin dubawa. Wanda ya haɗa database ɗin ya yi amfani da CurrentUser ne, umarnin da yake ɗauko sunan da aka shiga Access da shi, yanzu da kowa ya zama Admin ba za a san wa ya karɓi kuɗin wane ɗalibi ba, kuma ka ce ku uku ne. Ni da a ce nawa ne sai in sa ƙaramin akwati a fom ɗin biyan kuɗi mai karɓa ya zaɓi sunansa, ko a ɗauko sunan da ya shiga Windows da shi. Ka sanar da hedimasta kafin a dawo hutu layin biyan kuɗi ya taru, kuma ka ajiye tsohon mdb da mdw ɗinsa wuri guda har ku gama zango ɗaya da sabon.