Na tsinci labarin soyayya a jakar 'yata, yaya zan yi?

Uwar Uku: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan abin yana cina a rai. 'Yata ta fari shekararta 13, tana JSS 2. Ranar Asabar ina zazzage jakar makarantarta zan wanke, sai ga wani littafin rubutu an sa masa "Lissafi" a bango. Da na buɗe, ko lamba ɗaya babu. Labari take rubutawa da shuɗin biro, har ta kai babi na 7.

Labarin wasu ƙawaye biyu ne masu zama benci ɗaya, in an tashi tara tare suke sayen awara su raba. Ranar jarrabawa wani ɗan JSS 3 ya ara wa ɗayarsu biro, shi ke nan duk sanda ta hango shi sai gabanta ya faɗi. Ta faɗa wa ƙawar a asirce, ƙawar ta baza a aji, aka yi ta tsokanarta, ƙawance ya watse. Tsakani da Allah babu batsa, yaron ma bai yi magana ta wuce sau biyu ba. Amma da na zo inda take siffanta murmushinsa jikina ya mutu, yarinyar da har yanzu ni nake yi mata kitso! Babanta bai sani ba, kuma na san halinsa, ashana zai ƙyasta masa. Na mayar da littafin yadda na same shi. In nuna mata na gani ko in yi shiru?

Malamar Aji: Wa alaikumus salam Maman yara. Na daɗe ina koyar da 'yan wannan ajin, irin littattafan nan na ƙwace su ba adadi, kuma sai daga baya na koyi karanta su kafin in yi faɗa. Ki koma ki ƙirga, shafi nawa ta ba yaron, shafi nawa ta ba ƙawar? Ke da bakinki kin ce sau biyu ya yi magana a babi bakwai. To labarin ba nasa ba ne. Ki tuna ko akwai wata ƙawarta da ta saba zuwa gidanku ta ɗauke ƙafa kwanan nan. A shekarun nan tonon asiri daga aminiya ya fi komai yi musu ciwo, wata har makarantar take tsana, uwa tana ta kai ta asibiti wai ciwon ciki.

Baban Ummi: Malama na ji bayaninki, amma kada a mayar da abin wasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinya ba ta tashi haka kawai ta iya siffanta murmushin namiji, wani wuri ta karanto. Hajiya, ki duba wayarki da take ɗauka da sunan aikin gida. Akwai zaurukan WhatsApp da ake tura littattafai babi-babi, wasu ma sai an biya kuɗi ake shiga, kuma abin da ke cikin wasunsu ko matar aure ta karanta sai ta ji kunya. Sannan ɓoye wa mai gida ba daidai ba ne, 'yarsa ce.

Hajiya Babba: Baban Ummi ka yi gaskiya a kan waya, wannan kam a sa ido. Ƙonawa ce ban yarda da ita ba. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a Kano, a bainar jama'a. An daina karantawa? Ƙannena a cikin rigar matashi suke ɓoye nasu, a karɓo haya a wurin mai shago, a karanta da tocila, gari na wayewa a mayar. Yanzu kuwa ko takardar ma ba a buƙata. In kika ƙona nata, ba rubutun za ta bari ba, ke za ta bari. Mai gida kuma a faɗa masa, amma bayan kin san me ke ƙasa, kuma ba ran da ya dawo a gajiye ba.

Anti daga Zinder: 'Yar uwa, ni dabarar uwata zan ba ki. Ba ta taɓa kiranmu ɗaki ta ce "zauna, magana za mu yi" ba, don ta san da jin haka baki zai ɗinke. Shayi take sa mu dafa. Bayan isha'i, in ƙanana sun kwanta, ki miƙa mata ɗanyar citta da ƙaramin turmi ta daddaka. Ki sa ruwa kofi uku a buta, kanumfari kamar ƙwaya biyar, kirfa guntu ɗaya, ki rage wuta ya yi ta tafasa a hankali har ƙamshi ya cika tsakar gida. Ganyen shayin kaɗan za ki sa a ƙarshe, don mai kauri irin na buzayenmu hana ta barci zai yi, ga makaranta da safe. Na'a-na'a sai an sauke, in ta dahu da yawa ƙamshinta gudu yake. Amfanin abin shi ne hannunta yana aiki, idonta yana kan turmi, ba ya cikin naki. A nan za ki ce, "Wai ina wance, kwana biyu ban ganta ba?" Ki yi shiru. Kada ki fara da zancen yaron ko kusa.

Malamar Aji: Ƙari ɗaya: in ta tambaye ki ko kin karanta, kada ki yi mata ƙarya. Ki ce wanki ya kai ki, ki kuma ba ta haƙuri. Ba zai rage miki girma ba.

Uwar Uku: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na yi yadda Anti ta ce. Ko citta ba ta gama dakawa ba, ina ambaton sunan ƙawar ta fashe da kuka. Ashe sati biyar ke nan ba sa magana, har benci ta sauya, ni ina gida ban sani ba. Da na ce na ga littafin ta rufe fuska da hijabi, shayinta har ya huce ba ta ɗago ba. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Umma, har babi na nawa kika kai?" Na ce na bakwai. Ta ce ai na takwas ɗin ne ya gagare ta, ta rasa wadda za ta fara ba wata haƙuri. Wayar na duba, Baban Ummi, na samu zaure ɗaya da wata 'yar ajinsu ta jefa lambata, na fita daga ciki. Babanta kuwa sai Juma'a in ya ci ya ƙoshi.