Gitalele a saitin babbar jita: wace tsirkiya kuka ɗaura?

Mai Gitalele:
Salamu alaikum jama'a. Ina da Yamaha GL1, 'yar ƙaramar jitar nan mai tsirkiya shida da ake kira gitalele. A saitin A D G C E A take zuwa daga kamfani, wato kamar an matse babbar jita a gaɓa ta biyar. Idan muka zauna da abokina mai babbar jita, sai na kama C da yatsu amma F ce ke fitowa, kullum ina lissafi a ka kiɗa na wuce ni. Na sassauta ta zuwa E A D G B E, tsirkiyoyin suka saki jiki gaba ɗaya, ta shida har tana dukan ƙarafan wuya tana ƙara. Don Allah wanda ya taɓa mayar da tasa E ya faɗa mana me ya ɗaura.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kayanka lafiya lau suke, tsawo ne ya jawo. Daga ɗan ƙashin saman wuya zuwa jaki, wato inda ake ɗaure tsirkiya a jikin jita, babbar jita mai tsirkiyar nailan tana da milimita 650, taka kuwa 433. Da ka sauko daga A zuwa E, kaɗawar kowace tsirkiya ta koma kashi uku cikin huɗu, taurinta kuma ya koma tara cikin goma sha shida. Kusan rabin ƙarfin ke nan ya tafi. Tunda ba za ka ƙara wa wuya tsawo ba, sai ka ƙara wa tsirkiya nauyi. Duk dabarun da za a kawo maka a nan, wannan ce uwarsu.

Na Bakin Kasuwa:
Malam ya gama magana. Ni na fara da saitin babbar jita mai tauri sosai, irin wanda ake rubuta wa babban ja a jikin leda. Ya ɗan taimaka wa uku na sama, wato siraran, amma ta biyar da ta shida suna nan jiya i yau. In ka danna da ƙarfi kaɗan sai muryar ta haura, kiɗan ya fita a karkace. Daga ƙarshe a G na tsaya, G C F A# D G, nan ne tsirkiyar ta yarda da ni.

Makaniken Jita:
Abin da na yi wa tawa, na kuma yi wa wasu da suka kawo mini, shi ne gusar da tsirkiyoyi. Ka sayi saitin babbar jita, ka ajiye ta farko a aljihu. Ta biyu, wato B, ta hau gurbin ta farko a ja ta zuwa E. Ta uku ta hau na biyu, ta huɗu ta hau na uku, haka har ta shida ta zauna a gurbin A. Sai gurbin ƙarshe ya rage, shi kuma sai ka nemo ta bakwai daga saitin jita mai tsirkiya bakwai, kuma nan wahalar take don ba kowane shago ke ajiye ta ba.

Amma aikin bai ƙare a nan ba. Tsirkiya mai kauri ba ta kwanciya a tsagar ƙashin da aka yanka don siririya, sai ta hau sama, gaɓar farko ta yi tauri kamar me. Dole a faɗaɗa tsagar da ɗan magagari, a hankali, faɗi kawai, kada a zurfafa. In ka zurfafa ƙarar da kake gudu ta dawo, kuma ba a mayar da ƙashin da aka kankare. Ramin jaki ma ka duba ko ta bakwai za ta wuce. Wani abu kuma, G ɗinka yanzu mai naɗin waya ce, tana ƙara idan yatsa ya zame a kanta. Ni ina son muryarta haka, wasu ba sa so.

Yaya Babba:
Ƙanena, ni ban iya gwagwarmayar magagari ba, sai na bi ta gajeriyar hanya. Kamfanin Aquila na Italiya yana yin saiti musamman na gitalele a E, jajayen nan. Kayan da aka yi su da shi ya fi nailan nauyi, don haka ba sai sun yi kauri sosai ba. Wani ɗan'uwa ya taho mini da su daga waje. Ka karanta ledar da kyau kafin ka biya, domin suna da na A, suna kuma da wani na E mai siririyar murya a sama. Kwanakin farko sai ka yi ta gyaran saiti suna miƙewa, daga baya su zauna. Akwai kuma tsirkiyar jitar yara ta Hannabach ta Jamus, ta mafi ƙanƙantar girma, wadda dama don gajeren wuya a E aka yi ta.

Mai Gurmi:
Mu da muka saba ɗaura igiyar kamun kifi a gurmi ba ma jin tsoron gwaji. Na sa irin mai nauyin nan, fulorokabon, a uku na sama, kuma sun yi daɗi. Na ƙasa dai sai mai naɗi, babu igiyar kifin da za ta ba ka su. Gargaɗi ɗaya: kada wani mai shago ya lallaɓe ka da tsirkiyar ƙarfe wai ta fi tauri. Na ga wadda aka yi wa haka, hunturu ya shigo itace ya bushe, jakin ya ɗago daga jikinta da manne da komai.

Malamin Lissafi:
Bari in ɗan zuba ruwan sanyi. Ko taurin ya daidaita, E ta ƙasa tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, cikin gitalele kuwa bai kai ya tura wannan muryar ba. Za ka ji ta, amma a shaƙe. Ni na mayar da tawa A, nan take waƙa. Wanda E ta zame masa dole ya duba ƙananan jitoci masu wuya mai tsawo, kamar Cordoba Mini II mai milimita 580.

Mai Gitalele:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na ji, amma ni ba dandali zan hau ba, zaman ƙofar gida ne da koyon yatsu. Zan nemi jajayen da Yaya Babba ya ce. Makanike, in ta shida ta ƙi kwanciya a tsagar, wane girman magagari kake amfani da shi?

Makaniken Jita:
Ba sai ka saya ba. Yanko guntun tsohuwar tsirkiya mai naɗi, ka naɗa mata takardar gogen katako mai laushi, ka goga gefe da gefe kana gwadawa.