Wa ke da sitiyarin yatsa?

Nasiru: Jama'a ni dai ban yarda ba. Wai kamfani ya yi rajistar mallakar yadda ake murza sitiyari da yatsa bisa gilashin waya a gem ɗin tseren mota. Ka ja yatsa dama, mota ta yi dama. Mi aka ƙirƙira nan? Autanmu ɗan shekara biyar yana yi ba wanda ya koya mai.

Hadiza: Ƙanena, yau ne kake ganin shi banza. A 2004 da na'urar gem ta hannu Nintendo DS ta fito, ba ta da sandar juyawa, sai maɓallai da gilashin ƙasa da ɗan tsinken taɓawa. Gem ɗin tseren mota Ridge Racer DS sitiyari ya zana a gilashin, kana ja da tsinke. Wani ne ya zauna ya warware: in yatsa ya sauka gefe, ina tsakiya? In ya zarce da'ira, motar ta ci gaba da karkata ko tsakiyar ta biyo yatsan? In ka ɗaga, ta miƙe nan take ko a hankali? Wannan lissafin ake wa rajista, ba jan yatsa ba.

Nasiru: To Yaya, lissafin kwana biyu sai a rufe ma kowa ƙofa shekara 20?

Kawu Bello: Awo, nan nake tare da yaro. Dukawanmu na Sakkwato sun daɗe suna ɗinka jar fata, kowa na ɗaukar zane wurin maƙwabcinsa ya ƙara nashi. Da na farko ya kai sauran gaban alƙali, da yanzu ko tabarmar zama babu a rumfar.

Hadiza: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma badukun bai zuba biliyoyi kafin ya fara ɗinki ba.

Sanusi: Ku bar misali, ga abin da ya faru. Nintendo ta maka kamfanin gem na Colopl a kotun Tokyo a ƙarshen 2017, cikin ƙorafin har da sarrafa gem da yatsa bisa gilashi. Ba ma gem ɗin mota ba ne. A 2021 suka sasanta kan yen biliyan 3.3. Colopl na da abin biya. Yara uku masu laftof ɗaya fa? Wasiƙar lauya kaɗai ta ishe su su naɗe tabarma.

Nasiru: Ka ji ko! Haka kamfanin gem na Namco ya riƙe mallakar sa ƙaramin wasa lokacin da gem ke lodi, sai 2015 wa'adin ya ƙare. Muna nan muna kallon sanda tana cika kamar masu jiran layin mai.

Hadiza: Wannan kam na ba ka, ta yi faɗi da yawa. Amma laifin mai duba takarda ne da ya amince. Kuma rajistar Japan ba ta aiki a Najeriya, mu dokarmu ta 1970 ce, sai an yi rajista nan.

Sanusi: Hajiya, in yaron unguwar Mabera a Sakkwato ya ɗora gem ɗinsa a Play Store, har Japan da Amurka ake saukewa. Can za a tare shi.

Hadiza: Sai ya cire ƙasashen daga jerin, akwai wurin zaɓa.

Nasiru: Ya cire inda kuɗin suke ke nan, ya bar mu da ba mu sayen komai cikin gem.

Kawu Bello: Ni nawa ma karkata wayar nake yi. Ita ma da mai ita?

Hadiza: Kawu, kar ka tono mana wata. An kira la'asar.